Harsashin Giwa a Kan Zomo

 Na san za ki ce, to mu mata ina ruwanmu da zancen bindiga da harsashi, mu da ko yankan kaza sai mun aika an kira yaro daga zaure? Ki yi haƙuri ki biyo ni, zancen zai dawo tsakar gidanki.

Da rani ne na je gida Malikanchi, a ƙasar Ikara, bayan an gama kwasar masara an shiga saran rake. Da la'asar muna zaune a gindin bishiya, Kawu yana goge tsohuwar bindigarsa ta toka da tsumma da man gyaɗa, sai ga ƙanena ya shigo yana dariya da waya a hannu. Ya ce, "Kawu, zo ka ga bindigar gaske, ba irin taka ba." Muka leƙa. Wani ƙaton Bature ne ya ɗora bindiga a kafaɗa, ya ja kunama, sai muka ga bindigar ta yi sama shi kuma ya yi baya taga-taga, saura kaɗan ya zauna daɓas. Yara suka fashe da dariya. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce a sake nuna masa, aka sake. Sai ya tambaya, "To, me ya harba?" Ƙanena ya ce ai ba komai, allo ne kawai aka kafa masa. Kawu ya ci gaba da gugarsa, ya ce, "Ashe shi bindigar ta harba."

Kawu ya haura shekara 40 yana farauta. Abin da ke dajinmu ya san shi: zomo, gafiya, makwarwa, zabon daji, gada in an yi sa'a, sai kuma gyazbi mai yi wa masu rake ɓarna daga nan har Makarfi da Kudan. Tsofaffin da suka koya masa sukan ba shi labarin ɓauna da gwanki a dajin Falgore, amma shi da idonsa bai taɓa tsayawa gaban giwa ba. Bindigarsa ɗura mata ake yi ta baki, a zuba albarushi, a danna tsumma, a zuba dalma. Kullum da gwargwado yake ɗurawa. Na makwarwa daban, na gada daban. Na tambaye shi me zai hana ya cika ta taf kowane lokaci, ya huta da aune-aune? Ya ce, "'Yar nan, in na cika ta don makwarwa, gashi zan tsinta ba nama ba. In kuma ƙarfen ya gaji, hannuna zan tsinta."

Wannan magana ce ta sa da na koma na shiga bin diddigin waɗancan manyan harsasai, don in ji ko su da suka ƙera su sun san abin da Kawu ya sani.

Su Turawa suna kiran harsashi da faɗin bakinsa ne, a ma'aunin inci. Wanda ya fi shahara wajen farautar manyan namun daji a Afirka shi ne .375, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912. Faɗinsa milimita 9 da rabi, nauyin dalmarsa kuwa wajen giram 19, wato kamar dunƙulen magi 5 ki riƙe a tafin hannu. Sai .416 na kamfanin Rigby, shi a 1911 ya fito. A 1956 kamfanin Winchester na Amurka ya kawo .458, mai giram 32, magi 8 ke nan, kuma ya yi kasuwa domin bindigarsa ta fi na Ingila araha nesa ba kusa ba. A ƙarshen shekarun 1950 wani kamfanin Amurka, Weatherby, ya ɗauki dalma mai wannan nauyi ya ƙara mata albarushi, ya kira shi .460, yana fita daga bakin bindiga da gudun da ya kusa mita 800 a daƙiƙa ɗaya. Waɗannan su ne manyan da mutum zai iya shiga kanti a can ƙasashensu ya saya a kwali. Sama da su akwai .600, tun na farkon shekarun 1900, mai giram 58. Sannan uban gayya, .700, wanda dalmarsa ta kai giram 65, nauyin ƙwan kaza babba. Ki kwatanta a jefe ki da ƙwai na dalma da gudun da ya wuce na sauti.

Ba don wasa aka fara yin su ba, wannan kam gaskiya ne. Toron giwa yakan kai tan 6. Ƙwaƙwalwarsa tana can ciki, bayan ƙashi mai kauri mai ramuka kamar saƙar zuma. Ɓauna kuwa in ta sunkuyar da kai ta taho, ƙaho ya rufe mata goshi kamar garkuwa. Mutumin da irin wannan dabba ta yi wo kansa, tsakaninsu taku 10, ba ya neman abin da zai ji mata ciwo, abin da zai tsayar da ita nan take yake nema. Wani Ba'amurke mai suna Jack Lott ya gamu da haka a Mozambik a 1959. Ya harbi ɓauna da .458, ba ta faɗi ba, ta same shi ta ji masa rauni. Da ya warke sai ya zauna ya ƙara wa kwanson harsashin tsawo don ya ɗauki albarushi da yawa, har yau ana sayar da wannan harsashi da sunansa. Shi ya sa ƙasashen da har yanzu ake ba da lasisin irin wannan farauta, kamar Tanzaniya, suka sa doka cewa kada a tunkari dabba mai haɗari da abin da ya gaza .375.

To a nan ne na fara karo da karin maganarmu. Mukan ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Na kai wa Kawu wannan, ya girgiza kai. Ya ce wanda ya yi wannan karin magana ba maharbi ba ne, ko kuma yunwa yake ji. In ka kuskure dabba, ta gudu lafiya kai ma ka koma lafiya. In ka same ta a wutsiya ko a ciki ko a cinya, ka aika ta cikin duhuwa da ciwo, ta kwana uku tana ruɓewa da rai, kuma duk wanda ta fara gani, mai itace ne ko yaro mai kiwo, shi zai biya bashin da kai ka ci. Ya ce ba abin da maharbi ke jin kunyarsa kamar jini a kan ganye babu gawa. Addini ma ai ya hore mu da a kyautata ko a wajen yanka, a wasa wuƙa, kada a wahalar da dabba. Ashe ƙaramin harsashi a kan babbar dabba ba tausayi ba ne, zalunci ne mai ɗaukar lokaci.

Kin ga ke nan sai mutum ya ce, to shi ke nan, a ɗauki mafi girma kullum a huta. A'a. Ita bindiga duk abin da ta tura gaba sai ta tura irinsa baya, kamar shurin jaki. Shi ya sa bindigar .700 sai an yi ta da nauyin kilo 8 ko kusa, don nauyin ya shanye shurin, kuma duk da haka kin ji abin da ta yi wa Baturen cikin waya. Mutumin da bindigarsa ta taɓa bugunsa sau biyu sau uku, jikinsa yakan koyi tsoronta. Kafin ya ja kunama ya riga ya runtse ido ya noƙe kafaɗa, bai ma sani ba, sai saiti ya kauce. Masu yi wa baƙi jagora a dazukan Afirka sun daɗe suna faɗin cewa gara baƙo ya zo musu da .375 da ya iya riƙewa, da ya zo da dodon da yake jin tsoro. Babban harsashi a inda bai dace ba, shi ma jini ne a kan ganye.

Akwai wani mutumin Sikotland, W.D.M. Bell, da ake wa laƙabi da Karamojo saboda yankin Yuganda da ya daɗe yana farauta a ciki a farkon ƙarni na 20. Ya kashe giwa sama da 1,000, kuma mafi yawansu da ɗan siririn harsashi mai milimita 7 ne, giram 11, magi 3 bai cika ba. Yadda ya yi shi ne, ya sa an tsaga masa ƙoƙon kan giwa ya duba inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska, har ya san ta inda zai shiga. Ba yabonsa nake ba fa, don haure ya yi wannan kisa, kuma irin aikinsu ne ya taimaka wajen ƙarar mana da daji. Abin da na ɗauka kawai shi ne, sanin inda za a sa ya fi girman abin da za a sa.

Shi kuwa uban gayyar, .700, labarin haihuwarsa abin dariya ne abin kuma tunani. Wani attajiri Ba'amurke, William Feldstein, ya nemi Holland & Holland su ƙera masa bindigar .600. Suka ce ba hali, sun riga sun sayar wa wani da wadda suka yi alkawarin ita ce ta ƙarshe. Sai ya ce to a yi masa wadda ta fi ta. Aka yi, a 1988. Giwa ba ta ƙara girma ba a wannan shekara. Hasali ma Kenya ta riga ta hana farautar manyan namun daji tun 1977, kuma a 1989 duniya ta haɗu ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe. Mu a nan Nijeriya doka ta haramta kashe giwa, 'yan da suka rage mana a ƙasar duka ana ƙiyasta su tsakanin 300 zuwa 400, babban garkensu yana Yankari a Jihar Bauchi, inda aka keɓe tun 1956. A Janairun 2024 gwamnati ta niƙe haure tan 2 da rabi a Abuja, wanda aka ƙwace daga masu fasa-ƙwauri. Wato wannan ƙaton harsashi ya zo ne a lokacin da abin harbin ke ƙarewa. Ba buƙata ce ta haife shi ba, son a ce nawa ya fi na kowa ne.

Yanzu mu shigo gida.

Kowane gida akwai ma'ajiyar harsasai, 'yar'uwa, ko da babu bindiga ko ɗaya. Maigida yana da nasa: shiru, ɗaure fuska, faɗa, ƙin cin abinci, ƙaurace wa ɗaki, har zuwa saki. Sakin ma hawa-hawa ne. Shari'a ta tsara shi ɗaya, a bar idda, a bar ƙofar kome a buɗe, don in zuciya ta huce a sami hanyar dawowa. Amma sau nawa muka ji an ɗura uku gaba ɗaya a kan gishiri ya yi yawa a miya, ko an dawo daga biki bayan magariba? Kafin a yi sallar isha'i shurin ya dawo kan mai harbin. Ga yara suna kuka, ga tukunya a kan murhu ba mai saukewa, sai ki gan shi gobe da sassafe yana bin zaurukan malamai yana cewa ai cikin fushi ne, ko akwai wata dabara? Daga nan a shiga zancen auren kisan wuta, abin kunya a kan abin kunya. Wanda ya yi wannan bai nuna ƙarfi ba. Ya nuna bai san nauyin abin da ke hannunsa ba ne kawai.

Sai dai ba don in zagi maza na ɗauki alƙalami ba, ba su za su karanta wannan ba, mu ne. Mu ma muna da namu, kuma wallahi namu ya fi shiga jiki, domin mu muka san inda ƙwaƙwalwar take. Mace ta zauna da mutum shekara 10, ta san abin da yake jin kunya, ta san ranar da ya yi kuka, ta san bashin da aka yafe masa, ta san asalin uwarsa. Ta san na kishiyarta, ta san na surukarta, ta san na 'yar riƙon da ke ɗakinta. Duk waɗannan suna nan a jere a zuciya kamar harsasai a kwali. Mafi girmansu shi ne gori. Gorin haihuwa, gorin asali, gorin arziki, gorin "ba don ni ba". Kuma na lura ba a cika fito da shi ranar babban abu ba. A kan sabulu ake fito da shi, a kan layin girki, a kan wa ya bar buta a hanya.

Me ya sa? Ni dai a ganina fushi irin farautar dare ce. Masu fitilar goshi ba jikin dabba suke gani ba, ido biyu ne kawai ke ƙyalli a duhu. Idon zomo yana ƙyalli, na akuyar maƙwabci yana ƙyalli, na saniyar Bafillace ma haka. Kawu ya ce shi tunda yake bai taɓa jan kunama a kan ido ba, sai ya ga jiki, ko da hakan zai sa ya koma gida hannu rabbana. Ya sha komawa kuwa. Mu kuma in rai ya ɓaci, duk abin da ya ƙyalla giwa ce. Sai gari ya waye a je a duba a ga abin da ke kwance.

Amma kada ki ɗauka cewa nake a haɗiye komai. Wannan shi ne ɗaya kuskuren, kuma mu mata an fi koya mana shi. Akwai giwaye na gaske a gidaje. Mijin da ke duka har ya fasa baki. Wanda ke taɓa yarinyar da aka ba ku amana. Wanda ya bar gida wata da watanni ba ci ba sha yana can yana neman ƙarin aure. A kan irin waɗannan me muke harbawa? Habaici. Gugar zana. Waƙa a bakin turmi, buga kwano, rubutu a waya don a gani a gane. Wannan shi ne harbi a wutsiya. Ba ya tsayar da komai, sai dai ya ƙara wa abin haushi, ya shiga duhuwa ya ruɓe, wata rana ya fito ya afka wa yaran da ba su ji ba ba su gani ba. Abin da ya kai a kira waliyyai a kira su, a zauna a faɗa da baki ɗaya a fili. Wanda ya kai mai unguwa ko alƙali, a je. Mace ta yi shekara 7 tana habaici a kan abin da zama ɗaya da iyayenta zai iya tsayarwa, ana ce mata mai haƙuri, ni ban ga haƙuri a nan ba, tsoron shurin bindiga na gani. Ba kuma na zarginta, shurin yana da zafi, wani lokaci ma da yara 5 a hannu ba ta da kafaɗar da za ta ɗauke shi. Amma a kira abin da sunansa.

Inda abin yake da wuya shi ne rabewa. Maharbi ya fi mu sauƙi, zomo ba ya rikiɗa ya zama giwa. A zaman gida kuwa ƙaramin abu in ya maimaitu sau 100 yakan girma, babban abu kuma wani lokaci in an kwana an tashi sai a ga inuwarsa ce ta tsorata mu. Wata ta taɓa ce min, ke kina maganar a tsaya a ga jiki, to in abin ya riga ya taho kaina fa, ina lokacin dubawa? Na yarda da ita rabi. Akwai ranar da ba a jira. Sai dai in muka yi wa kanmu adalci, a cikin faɗa 20 da muka yi bara, guda nawa ne suka taho kanmu da gudu, guda nawa ne mu muka bi su har rami?

Ni da nake wannan rubutu na taɓa harbawa. Mu biyu ne a gidan, ni ce ƙarama. Uwargidana, Yaya nake ce mata, Allah bai ba ta haihuwa ba, shekara 14 kafin in zo. Ita ta karɓi ɗana na fari a hannunta, ita ta yi min ruwan wanka kwana 40, a bayanta ya koyi barci. Wata rana ta shanya kauɗar tumatir a tabarma, wadda take tarawa ta sayar in ya yi tsada, yaron ya bi ta kai da gudu ya watsar da rabi cikin ruwan wanke-wanke. Ta ɗauki mafici ta ɗan maka masa a baya. Mafici fa. Ya ƙwala ihu irin na yara, na fito daga ɗaki a guje, ban tambayi komai ba. Ido biyu na gani suna ƙyalli. Na ce mata wadda ba ta san zafin naƙuda ba ai ba za ta san darajar ɗa ba.

Ba ta rama ba. Da ta rama da na ji sauƙi. Ta dube ni, ta sunkuya ta ci gaba da tsince kauɗarta ɗaya-ɗaya daga cikin ruwan. Yaron ma ya riga ya daina kuka, ya je yana taya ta tsinta.

Na ba ta haƙuri a daren, ta ce ba komai. Na sake ba ta da Sallah, ta ce, "Ai ya wuce, Amarya." Maigida bai taɓa jin zancen ba, ba ta kai ƙarata ko'ina ba. Muna gaisawa, muna girki, in ba ni da lafiya ita ke dama min kunu. Yau shekara 9 ke nan. Yaron ya shiga sakandare, har gobe in ya dawo ɗakinta yake fara shiga. Amma tun daga ranar ba ta ƙara tsawata wa ɗana ko ɗaya ba. In sun yi ɓarna a gabanta sai ta kira ni, ta ce, "Amarya, zo ki ga yaranki." Da can "yaranmu" take cewa.

Da zan dawo daga Malikanchi, Kawu ya ba ni makwarwa 2 da ya kyafe, ya ce in kai wa abokiyar zamana. Na kai mata, ta yi godiya, ta yi mana miya da su a ranar girkinta, ta zuba wa yaran naman ta ci romon.